Daga Wayar Hannu Zuwa Taswirar Gandun Daji: Jagora Ga Mai Son Fara Aikin Bayanai Daga Kano

Duk wanda ya bi hanyar Jos daga Kano ya ratsa dajin Falgore, kilomita wajen 150 daga birni, ta Tudun Wada da Doguwa. Yawancinmu ta tagar mota kawai muka san shi, direba yana ta sauri don ya fice kafin magariba. Amma ta cikin wannan dajin Kogin Kano yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura. Idan aka sare dajin, ƙasa ta zaizaye ta gangara cikin dam, mai tumatir a Kadawa sai ya ji a jikinsa. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Falgore cikin wurare goma da ta amince a mayar da su gandun daji na ƙasa, tare da dausayin Haɗeja a Jigawa da dajin Kogo a Katsina. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar wanda zai iya faɗin abin da ya rage, inda ake sara, inda wuta ta ci bana, da tafkin da ya ƙafe da wuri, ya faɗa da hujja ba da ƙiyasi ba.

Wannan shi ne aikin da nake so ƙannena su koya. Matakin farkonsa ba ya bukatar digiri na biyu ko na'ura mai tsada. Abin da yake bukata shi ne mutumin da za a yarda da lambar da ya rubuta. Na ga masu kwali mai kyau da aka daina ba su aiki saboda ba a iya dogaro da jadawalinsu, na kuma ga mai difloma da ake jira ya dawo daga hutu kafin a rufe rahoto.

Abin da sabon ma'aikaci yake yi a zahiri

Malaman daji suna fita sintiri, su dawo da abin da suka gani: tarko, kututturen bishiyar da aka sare, ramin gawayi, sawun dabba, garken shanun da ya bar burtali ya kutsa ciki, sabon sassabe. Kai ne za ka karɓi wannan, ka tsaftace shi, ka ɗora a taswira, ka kwatanta da na watan jiya. A wurare irin su Yankari a Bauchi, ana amfani da manhajar SMART wajen tattara bayanan sintiri. Yawancin lokacinka a gaban jadawali zai ƙare, ba a cikin daji ba. Wanda ya shigo don ɗaukar hoto da giwa zai gaji tun makon farko.

Kayan aiki

Wayar Android mai GPS, ko da ta hannu ce daga kasuwar waya ta Farm Centre. Fawabank, domin GPS yana shan caji. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 ta isa. Tef irin na tela, littafi mai kauri da fensir, domin biro yana narkewa idan ruwa ya taɓa takarda. Manhajojin kuwa duk kyauta ne: QGIS ta haɗa taswira da Google Earth Pro ta kallon hotunan ƙasa daga sama a kwamfuta, KoboCollect ta cike fom a waya. Kada ka biya kowa kuɗi don ya saka maka QGIS, daga shafinta ake sauke ta.

Mataki na farko: ka san lambobin wurinka

Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu. Latitud yana nuna nisanka daga layin da ya raba duniya biyu zuwa arewa ko kudu, lonjitud yana nuna gabas ko yamma. Kano tana kusan 12.0 arewa, 8.5 gabas. Haddace wannan kamar lambar wayarka, domin da shi za ka riƙa gane kuskure da ido kafin kwamfuta ta ce komai.

Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Saboda haka idan ka rubuta lamba biyu kawai bayan ɗigo, kuskurenka zai iya kai ɗaruruwan mitoci. Lamba biyar bayan ɗigo takan kawo ka kusan mita ɗaya. Rubuta biyar ko shida, kada ka gajarta don ganin kyau.

Akwai kuma tsari iri biyu da za ka riƙa cin karo da su kullum. Wayarka tana ba da lambobi a tsarin WGS 84, wanda QGIS take kira EPSG:4326, kuma ma'auninsa digiri ne. Da shi ake ajiye wuri, amma ba a auna faɗi ko nisa da shi. Idan za ka auna hekta, sai ka juya zuwa UTM, mai aiki da mita. Najeriya ta faɗa shiyya uku, 31 da 32 da 33. Kano da Falgore da Yankari duk suna shiyya ta 32, lambarta EPSG:32632. Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan kuwa a kan tsarin Minna aka yi su, don haka idan ka ɗora tsohuwar iyakar gandu ka ga ta goce da mita tamanin ko ɗari daga hoton yau, fara zargin tsarin kafin ka zargi manomin da ke bakin iyaka. Wannan gocewar ta isa ta sa a ce mutum ya ci gandu alhali gonar kakansa yake nomawa.

A aikina na farko na shigar da bishiyoyin da muka ƙirga a gefen Kano, na sa latitud a gurbin lonjitud. Da a wata ƙasa ne, da ɗigogin sun faɗa teku na gane nan take. Amma 8.5 arewa da 12.0 gabas yana cikin Najeriya, wajen Ganye a Adamawa. Na yi kwana biyu ina ƙawata taswira ba tare da na ɗora hoton ƙasa a ƙarƙashinta ba. Sai da shugabar sashenmu ta buɗe, ta ga duwatsun da ba na Kano ba, ta ce, "Malam, yaushe muka je Adamawa?" Daga ranar ban ƙara fara aiki ba sai na ɗora taswirar OpenStreetMap a ƙasa na ga sunan unguwar da na sani. A QGIS, X shi ne lonjitud, Y shi ne latitud. Idan kuma ka ga ɗigo ɗaya tilo a teku kudu da Ghana, wannan sifili da sifili ne, wato wayar ba ta kama wurin ba.

Mataki na biyu: zaɓi ƙaramin fili a cikin gari

Kada ka nufi Falgore da wayarka kai kaɗai. Dajin ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu, kuma shiga gandu sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikata. Koyon aikin ba ya bukatar hakan. Zaɓi wuri mai bishiyoyi hamsin zuwa ɗari: harabar makarantarku, wani ɓangare na sabuwar jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, ko Gidan Zoo idan masu kula da shi sun amince.

Nemi izini tukuna. A Kano, mutumin da ke zagaye fili da waya da littafi, ana ɗaukarsa ɗan safiyo ne da ya zo yanka filoti, ko ma'aikacin haraji. Je wurin mai unguwa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, bishiyoyi nake ƙirgawa, ba fili nake aunawa ba." Nuna masa fom ɗin. In ya haɗa ka da yaro ɗaya daga unguwar, ka samu ɗan rakiya kuma ka samu shaida.

Mataki na uku: gina fom kafin ka fita

Buɗe asusu a KoboToolbox, shafin da ake tsara fom ɗin da KoboCollect za ta buɗe a waya, ka tsara tambayoyi kaɗan: lambar bishiya, wuri, iri, kaurin gindi, lafiyarta, alamar sara ko ƙuna, hoto, da sunan mai ɗauka. Ranar wata da lokaci, bar manhajar ta cika da kanta.

Wurin irin bishiya kada ka bari a rubuta da hannu, yi jerin zaɓi: darbejiya, kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, gawo, marke, maɗaci, kirya, aduwa, goruba, turare, sai "wata daban" da "ban gane ba". Dalili shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Wani zai rubuta kaɗanya, wani kadanya, wani Kadanya da babban baƙi, kwamfuta kuwa ta ƙirga maka iri uku. Ka haɗa kowane suna da sunansa na kimiyya a wani jadawali daban, domin abin da Bakano ke kira darbejiya, wani dogon yaro yake ce mata, wani maina, alhali duk Azadirachta indica ce. Zaɓin "ban gane ba" kuwa ka kare shi da ƙarfinka. Idan babu shi, mutane za su zaɓi abin da ya fi kusa don kada a ce ba su sani ba, ƙarya ta shiga bayananka ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Gwada fom ɗin a bishiya biyar na ƙofar gida, ka gyara, sannan ka fita. KoboCollect tana aiki ba sabis, sai ka dawo ka tura.

Mataki na huɗu: a gindin bishiya

Fita da sassafe. Kunna GPS minti biyu kafin ka fara, a fili, don ya nutsu. Tsaya daf da gindin, ka jira lambar daidaito ta sauko mita 5 ko ƙasa. A ƙarƙashin inuwa mai duhu ko kusa da bene takan ƙi sauka. In ta ƙi, karɓi abin da ta ba ka, ka bar lambar daidaiton a ajiye, kada ka goge ta.

Kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa ake auna shi, a yawancin ƙasashen duniya. Auna wannan tsayin a jikinka sau ɗaya, ka san inda ya tsaya a ƙirjinka, ko ka yanki sanda daidai shi. Zagaya tef, ka rubuta zagayen da santimita. Idan ka raba shi da 3.14 ka samu faɗin gindin, amma bar wannan lissafin sai a kwamfuta. A fili abin da idonka ya gani kawai ake rubutawa. Bishiyar da ta rabu biyu ƙasa da wannan tsayin, auna kowane reshe daban. Wadda take kan gangare, tsaya ta ɓangaren sama.

Rubuta lambar kowace bishiya da kaurinta a littafi ma. Waya takan faɗi, takan mutu, akan sace ta a adaidaita.

Mataki na biyar: tsaftace bayanai, inda ake gane ma'aikaci

Sauke bayanan, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba har abada. A kan kwafi na biyu za ka yi aiki. Sa wa fayil suna da shekara, wata, rana a gaba, kamar 2025-11-03_bishiyoyi_zoo, don su jeru da kansu. Sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe gyararre" su ne suke sa a aika wa shugaba tsohon rahoto.

Layi ɗaya, bishiya ɗaya. Gurbi ɗaya, bayani ɗaya. Kada ka rubuta "85cm" a gurbin lamba, rubuta 85, ka sa ma'aunin a kan ginshiƙin. Jera kaurin daga ƙarami zuwa babba ka dubi bakin biyu: darbejiya mai zagayen santimita 1,200 kuskuren yatsa ce, amma tsohuwar kuka za ta iya kaiwa haka, shi ya sa ka ɗauki hoto. Nemi lambar da ta maimaitu. Nemi latitud ɗin da bai yi kusa da 12 ba. Duk abin da ka gyara, rubuta a wani shafi: me ka canza, daga me zuwa me, don me. Idan za ka ajiye a CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya.

Wannan matakin ba shi da daɗi, kuma shi ne rabin albashinka.

Mataki na shida: taswirar farko

A QGIS, shigo da CSV ɗinka ta Add Delimited Text Layer, ka nuna mata X da Y, ka zaɓi EPSG:4326. Da ɗigogin sun fito a inda ya dace, ajiye su a nau'in fayil na GeoPackage maimakon shapefile, domin shapefile yana datse sunan ginshiƙi zuwa baƙi goma, kuma fayiloli da yawa ne da idan ɗaya ya ɓata saura ba su da amfani. Ba kowane iri launinsa. Zana iyakar filin, ka juya ta zuwa EPSG:32632, ka auna faɗinta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Raba yawan bishiyoyi da hektoci, ka samu lambarka ta farko mai ma'ana.

Taswirar da za ka buga ta ƙunshi take, ma'aunin nisa, alamar arewa, bayanin launuka, ranar da aka ɗauki bayanai, da sunanka. Launi biyar ko shida sun isa.

Mataki na bakwai: kallo daga sama

Fara da Google Earth Pro. Tana da maɓallin tsofaffin hotuna. Zaɓi kududdufi ɗaya a cikin birni, ko wani yanki na ganuwa, ka zana iyakarsa a hoto mafi tsufa da ya fito sarai, ka sake zanawa a na bana, ka auna bambancin. Kududdufan Kano da ake cikewa da shara ana gini a kai suna koyar da aikin da za ka yi wa tafkin da dabbobi ke sha a gandu, babu bambanci.

Daga nan ka wuce Sentinel-2, taurarin ɗan'adam na Turai da aka fara harbawa a 2015. Hotonsu kyauta ne a Copernicus Browser, suna dawowa kan wuri kusan duk kwana biyar, kuma kowane ɗigon hoto mita 10 ne a kan 10, wato ɗigo ɗari ne hekta ɗaya. Don waiwayen shekaru masu nisa sai Landsat na Amurka, wanda ya fara tun 1972. Ma'aunin kore da za ka fi amfani da shi shi ne NDVI: a Sentinel-2, ka cire zango na 4 (hoton jan haske) daga na 8 (hoton hasken da ido ba ya gani, wanda ganye ke mayarwa da yawa), ka raba da jimlarsu. Sakamakon yana tsakanin -1 da 1. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, ƙasa tsirara kusa da sifili, ganye mai yawa ya haura sama.

A nan ne ƙasarmu take yaudarar wanda ya koya daga bidiyon wasu ƙasashe. A watan Satumba gonar dawa kore ce shar kamar daji. A watan Maris yawancin bishiyoyin daji sun zubar da ganye, sai ka ɗauka an sare su. Gawo kuma akasin kowa yake yi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Agusta gajimare ne, Janairu hazo. Ni na fi yarda da ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ciyawa ta fara bushewa, an fara girbi, bishiyoyi kuma ba su zubar ba. Kowane lokaci ka zaɓa, kwatanta wata da irinsa: Nuwamban bana da Nuwamban shekara biyar baya. Shafin Global Forest Watch yana da amfani, amma ya fi dacewa da kurmi irin na Kuros Riba, a dajinmu mai bishiyoyi jefi-jefi yakan tsallake sara da yawa. Don wutar daji, shafin FIRMS na NASA yana nuna inda tauraro ya hango zafi cikin 'yan sa'o'i.

Kuma duk abin da ka gani daga sama, sai an taka an gani. Na taɓa shafa wa wani yanki launin "daji ya farfaɗo" saboda NDVI ya tashi. Da muka je da wani dattijon malamin daji, ya tsaya ya karyo reshe ya murza a hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, shinshina. Sabara ce. Inda ka ga ta rufe ƙasa haka, an riga an cinye manyan." Ya nuna mini kututturan kirya guda uku a cikin duhuwar, baƙi ƙirin, an yi gawayi da su. Na ce, "Baba, to me zan rubuta?" Ya ce in rubuta abin da ke wurin. Haka ciyawar kachalla take yi a dausayin Haɗeja da Nguru: daga sama kore mai kyau, a ƙasa kuwa ta toshe hanyar ruwa ta hana masunta da manoma sakat.

Amanar bayanai

Wurin da giwa take kwana, ko bishiyar da ungulu ta yi sheƙa, ba abin sawa a Facebook ba ne. Hoton waya yakan ɗauki lambobin wuri a cikinsa, mafarauci kuma yana da waya. Haka sunan makiyayi ko manomin da aka samu a cikin gandu, ba naka ba ne ka yaɗa. Jirgi marar matuƙi kuma ba a tashinsa a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Inda za ka ƙwanƙwasa

Haɗa abu uku a jaka ɗaya: taswirar bishiyoyinka, kwatancen kududdufin, da shafi ɗaya da ke bayyana yadda ka yi da kurakuran da ka gyara. Shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, inda 'yan sa-kai suke ƙirga tsuntsaye a murabba'ai masu kusan kilomita 9 a kan 9 da manhajar BirdLasser. A nan za ka saba da bin ƙa'ida, ka kuma haɗu da mutanen fagen.

Idan lokacin koyon sanin makamar aiki ko bautar ƙasa ya zo, nemi sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli, ko hukumar gandun daji ta ƙasa mai kula da Gashaka-Gumti da Kainji da Kamuku da sauransu, ko shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, ko ƙungiyoyin kare namun daji da muhalli irin su NCF da WCS. A cikin Kano akwai sashen nazarin ƙasa da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a jami'ar Bayero, akwai KANGIS, hukumar taswirar filaye ta jihar Kano, akwai eHealth Africa da ke aikin taswira a fannin lafiya. Guraben gandu ba su da yawa, gaskiya ke nan, amma hannun da ya iya wannan zai iya taswirar rigakafi ko ta rijiyoyin burtsatse kafin ƙofar daji ta buɗe. 'Yan'uwa mata kuma, kada maganar sintiri ta kore ku, mafi yawan aikin a ofis ake yinsa, kuma wadda ta fara koya mini tsaftace jadawali mace ce.

Ranar da aka ɗauke ka, da wuya a fara ba ka aikin hotunan tauraro. Tsofaffin littattafan sintiri za a tura maka, masu ƙura da rubutun mutum biyar, a ce ka shigar. Shigar da su yadda suke, har da abin da kake ganin kuskure ne, ka yi masa alama a gefe. Inda malamin daji ya rubuta cewa sun duba ba su ga tarko ba, sa sifili. Inda bai rubuta komai ba, bar gurbin fanko, ka tashi ka je ka tambaye shi ko sun bi ta wajen a ranar.